Mai Goge Lambar Aisi

Mai shagon kayan lantarki na ƙarshen layi, kai ka ƙone shagonka da hannunka, ba ɗana ba. Na faɗa a gabanka, yanzu kuma zan faɗa wa jama'a.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai sayar da ƙananan kayan gyaran rediyo da inbata, wato na'urar da ke ba da wuta daga batir. Kullum yana sahun gaba, carbi a hannu. Amma a can ƙuryar shagonsa akwai sanfefa. Sai ya ɗauki kaya mai arha ya goge lambar da ke jikinsa, ya buga ta mai tsada.

Ɗana mai gyara ne, 'yan layin suna ce masa Injiniya. Ya daɗe yana haɗa wata na'ura a kan teburin ɗakina, har inda nake ajiye kwanuka ya cinye. Sunanta ya fi ƙarfin bakina. Aikinta dai ta nuna yadda wuta ke tafiya a cikin waya, kamar zare yana rawa a kan gilashi. Abu ɗaya ya rage masa, wata 'yar baƙar ƙwaya mai ƙafafu da suke kira aisi, wadda ke kallon wutar ta mayar da ita lissafi.

Ya ce mini, "Inna, iri biyu ce. Ɗaya ba ta ƙifta ido. Ɗayar kuwa sai ta kalla, ta yi gyangyaɗi, ta sake kallo. Abin da ya wuce tana barci, ba ta san an yi ba."

Na ce, "To ka sayo marar barcin mana, ka ba ni teburina."

Ya je ya nemi marar barcin. Mutumin nan ya miƙa masa mai gyangyaɗi da lambar ƙarya a goshinta, har da cewa, "Injiniya, don kai ne na fito da ita." Ɗana ya karɓa ya sa ta a na'urarsa.

Wa ya san inda zalunci zai kwana? Ba a jima ba inbatar mai shagon ta lalace, ya kawo wa ɗana. Ɗana ya gyara, ya ɗora na'urarsa, zaren ya fito sumul. Ashe wutar tana tsalle tana dawowa, ƙwayar ba ta gani. Ya ce, "Ta yi lafiya, ɗauki abinka."

Ranar da inbatar ta kama da wuta, rana tsaka, ko sukudireba ba a fitar daga shagon ba. Mutumin da ke zama a kujera mai juyawa, yau benci yake ara a ƙofar shagon wani.

Shin ya tuba? Ina! Sai ya bi layi yana cewa gyaran ɗan tsohuwa ne ya ƙone shi. Yanzu ko tocila ba a kawo wa ɗana. Yana zaune a gida, ina jin matarsa tana kankare tukunya ba komai a ciki.

Da abin ya dame shi, ya ciro ƙwayar daga na'urarsa ya shafa mata tina, ruwan goge fenti, da auduga. Lambar ta bi audugar, ga shatin sanfefa a ƙarƙashinta. Na ƙulle ƙwayar a bakin zanena na kai wa mutumin. Ya ce, "Mama, wannan ba maganar mata ba ce." Na ce, "Yunwar gidana fa, ta maza ce?"

Na gaji, 'yan uwa. Gwiwoyina ba sa son tafiya. Amma ku ji: wanda ya sayar wa mutum makahon ido, wata rana da idon nan za a duba masa nasa kayan. Allah ya kiyaye mu da cin algus, ya kiyaye 'ya'yanmu daga masu yinsa.

Shugaban 'yan layi, ƙwayar tana nan a zanena. Ka tara mutane, ka kira shi, ya faɗa da bakinsa wa ya goge lambar nan.