Bindiga ta Arba'in da Ɗaya

A wani zamani mai tsawo, tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba, an yi wani sarki ana kiransa Jatau, mai mulkin Birnin Sansami, ƙasa mai yalwar gero da dawa, mai kogi a gabas da duwatsu a yamma, wadda maƙwabtanta suka shekara talatin ba su ɗaga mata ko sanda ba. Sarki Jatau adali ne, ba ya cin haƙƙin talaka, amma an jarrabce shi da wani ciwo da babu bokan da ya san maganinsa: in ya ƙyalla ido ya ga bindiga mai kyau, to shi da abinci sun yi sallama sai ta zama tasa.

A cikin duwatsun yamma akwai wani aljani maƙeri mai suna Tamau, wanda wutar maƙerarsa ba ta taɓa mutuwa ba, kuma bindigarsa ba ta taɓa kuskure ba. Ba ya karɓar zinariya ko azurfa. Ƙa'idarsa guda ce: mai son bindiga ya dafa uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ƙira a kansa, ya ambaci sunan abin da yake tsoro. Wannan suna shi ne abincin bindigar. Kafin rana ta bakwai ta faɗi sai ta ci abin da aka ambata mata, sannan ta kwanta ta zama ƙarfe kamar kowane ƙarfe.

Bindigar farko da Sarki ya karɓo, hujjarsa gaskiya ce, domin akwai zaki mai cin makiyaya. Ta biyu kada ne ya hana mata ɗiban ruwa. Daga nan fa hujja ta fara ramewa. Aka gama da kura da mesa, aka gangaro kan biri mai ɓarnar gyaɗa da shaho mai ɗaukar tsaki. Ta arba'in kuwa, wallahi ina jin kunyar faɗa, gafiya ce mai haƙa gindin rumbu. Sarki sukutum, da bindigar aljanu, a kan gafiya! Aka jera su arba'in a wani soro, ana shafa musu mai duk Juma'a.

Wata rana Sarki ya hau dutse, wai gaisuwa kawai ya je yi wa Tamau. Yana shiga sai ya gan ta a rataye: doguwa, siririya, ƙotarta ta baƙin icen kanya, an zagaye ta da zaren azurfa tun daga kunamar da ake ja a harba har baki, ga rashin nauyi sai ka ce karan dawa. Ya dawo gida jiki a sanyaye, ya ture akushin tuwo, ya aika aka kira yayarsa Magajiya, wadda ita kaɗai ke faɗa masa gaskiya ba ta sunkuyar da kai ba.

Ya ce, "Yaya, ki duba lamarin nan da idon basira. Waɗancan arba'in masu nauyi ne, ni kuwa girma ya fara kama ni. Bayan haka, ba a fafa gora ranar tafiya. Yau lafiya, gobe wa ya sani? Kuma in ban ɗauko ta ba wani sarki zai ɗauka, ya juyo da bakinta kanmu. Ashe kin ga ba don kaina nake nema ba, don talakawa ne."

Magajiya ta ce, "Allah Ya ja zamaninka, ni na goya ka, na san kukanka na yunwa, na san na kwaɗayi. Talakawa ba su aiko ka ba. Nuna mini maƙiyi guda a ƙasar nan, ni da kaina zan hau dutsen in ɗauko maka. In babu, ka ce kana so ne kawai, ka haɗiye miyau kamar kowa."

Ina! Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Da hantsi Sarki ya koma maƙera ya dafa uwar maƙera. Tamau ya ajiye masaba, ya dube shi da idanu jajaye kamar garwashi, ya ce, "Ya kai Sarkin Sansami, me kake tsoro?" Sarki ya ce damisa, Tamau ya ce an cinye. Ya ce ɓauna, an cinye. Ya lalube dajin ƙasarsa kaf bai sami ko dila ba. Ga kuma bindiga tana ƙyalli a gabansa. Sai ya ce, "Ina tsoron mutum mai neman gadon sarautata." Tamau ya ce, "Bindigata ba ta cin jita-jita. Faɗi suna."

To, akwai wani saurayi, Anaruwa, ɗan Sarkin Ruwa, wanda aka yi wa baiko da Gimbiya Tasalla, 'yar Sarki tilo. Shekara uku da suka wuce ya bi kogi don nemo wa ƙasar hanyar kawo gishiri, aka tsinci kwalekwalensa a kife, aka yi masa sadakar arba'in. Kowa ya haƙura ban da Tasalla. Sarki ya ce a ransa, matacce ai ba ya sake mutuwa, wa zan cuta? Ya buɗe baki ya ce, "Anaruwa."

Wutar maƙera ta yi tsalle ta lashi rufin kogon. Bindigar ta yi ƙas, ta ɗana kanta, alhali babu wanda ya ɗura mata albarushi. Tamau ya miƙa masa ita da hannu biyu.

Sarki bai kai ƙofar gari ba ya jiyo guɗa da kiɗa daga bakin kogi. Ya tambayi wata mai tallan fura abin da ake yi, ta durƙusa ta ce, "Albishirinka, ranka ya daɗe! Anaruwa ya dawo da jirage goma cike da gishiri. Ashe masunta ne suka tsamo shi suka yi jinyarsa." Nan take bindigar da ke kafaɗar Sarki ta murɗa a hankali, bakinta ya fuskanci kogi.

Kwanakin da suka biyo baya, kada Allah Ya nuna wa maƙiyi irinsu. An rataye bindigar a soro, amma duk inda Anaruwa ya nufa bakinta na biye da shi ta bayan bango: ya tafi kasuwa ta juya, ya shiga masallaci ta juya, ana jin ƙarar ƙotarta tana gogar bango. Sarki ya jefa ta rijiya mai gaba sittin, kafin azahar ya same ta a kan shimfiɗarsa, a bushe. Ya sa aka binne ta aka danne da dutsen niƙa, ya juyo ya gan ta jingine da karagarsa. Ita kuwa Tasalla sai murna, tana zuwa tana cewa, "Baba, ban faɗa maka yana raye ba?" Sarki ya kasa haɗa ido da ita.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan shi ne abin da ya faru a rana ta huɗu. Sarki ya fara zama yana tunani: anya kuwa yaron nan bai da wata manufa? Jirage goma, jama'a na yi masa kirari, ga shi zai auri 'yar sarki. Ya sa aka bi sawunsa, yana fatan a samo laifi ko ƙanƙane, don ƙaryarsa ta zama gaskiya. 'Yan leƙen asiri suka dawo suka ce ba su gan shi yana komai ba sai raba wa gwauraye da tsofaffi gishiri. Sarki ya ji haushin wannan labari, kuma da ya lura haushi ya ji, sai tsoron kansa ya kama shi, ya tafi wurin Magajiya ya fayyace mata komai.

Ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta ce, "Innalillahi. Jatau, baki shi ke yanka wuya, sai dai naka wuyan ɗan mutane ya je yanka. Tashi ka koma wurin wanda ya ba ka."

Ya sake hawa dutse, ya zube a gaban Tamau, rawani na kwancewa. Aljanin ya ce, "Magana zarar bunu ce, ya Sarki. Harsashin da ke cikinta sai ya fita, ko ka taɓa kunama ko ba ka taɓa ba. In bakinta a buɗe yake, zai sami mai sunan ko yana bayan duniya. In an toshe, kai maharbi ne, ka san inda wuta ke komawa. Amma ba ta yarda kowa ya toshe ta sai wanda ya yi mata ƙarya, kuma sai yana riƙe da ita."

A al'adar Sansami, in an ɗaura aure uban amarya ne ke harba bindiga don sanar da gari. Sarki ya sa aka ɗaura auren Tasalla da Anaruwa a rana ta bakwai da la'asar. Da aka shafa fatiha ya miƙe a gaban jama'a, bindiga na fizga a hannunsa kamar akuyar da ta ga dusa, bakinta na neman ƙirjin ango. Ya ce, "Jama'ar Sansami, ku shaida. Bindigar nan ban da bukatarta, so kawai na yi. Don in same ta na ce Anaruwa maƙiyina ne, alhali bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ku ja da baya."

Jama'a suka ja da baya. Tasalla ta ƙwalla ƙara ta yunƙura, Magajiya ta riƙe ta gam. Sarki ya durƙusa ya dunƙulo laka, ya cusa a bakin bindigar har ya cika, yana kuka a fili don tsoro, hawaye na bin gemunsa. Ya kawar da fuska, ya ja kunama.

Ƙarar ta kai har duwatsun yamma. Da hayaƙi ya washe aka ga azurfa da icen kanya warwatse a ƙasa, Anaruwa na tsaye ko ƙwarzane babu, Sarki kuwa na kwance, hannunsa na dama ya tafi tun daga wuyan hannu.

Ya yi wata biyu yana jinya, ya tashi. Bindigogi arba'in aka kai wa maƙeran gari suka mayar da su fartanya da lauje, ƙasa ta zauna lafiya, amarya ta tare a ɗakinta. Sai bayan ya warke aka yi walimar auren. Aka ajiye wa Sarki akushi a gaban hakimai da baƙi, ya dubi tuwo, ya dubi hagunsa, kunya ta rufe shi, domin tun da aka yaye shi bai taɓa kai hagu baki ba. Kowa ya sunkuyar da kai.

Sai Anaruwa ya taso daga wurinsa, ya wanke hannu, ya durƙusa a gefensa. Ya yanko loma ya tsoma a miya, ya ce, "Bismillah, Baba." Sarki ya buɗe baki ya karɓa.