Malam Dila da Kukan Kura

Ga ta nan tafe, ku rufe baki ku ji.

Ta iso, Kaka, muna ji.

Dila ya tsufa yana koyar da manyan ɗalibai ilimin gyaran hali. Kullum maganarsa ɗaya ce, har muryarsa ta dushe: duk halin da aka bi shi da abinci zai dawo, wanda aka ƙyale kuwa zai mutu.

Kura tana cikin ɗaliban. Da an fara karatu sai ta ɓare baki da kuka. Dila ya gaji, so yake ya gama ya huta, sai ya jefa mata ƙashi. Ta yi shiru. Washegari ta ƙara murya, ya jefa mata mafi girma. Haka suka yi ta yi har buhunsa ya ƙare.

Ranar ta yi kuka, ba abin da ya faɗo. Ta matso kusa da shi.

"Allah gafarta Malam, na yi kukan."

"Na ji, Kura. Babu ƙashi. Koma ki zauna."

"Ai kai ka ce halin da aka ciyar dawowa yake. Ga shi ya dawo, kuma yunwa yake ji."

Dila ya juya zai gudu, ta cafke ƙafarsa ta baya. Da ƙafa uku ya koma gida, makaranta ta watse.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone. Wanda ya yi mini kuka gobe, ba ƙosai.