Birkin da Aka So a Yanke

Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada a coci, ina jera kujeru, na ji wani saurayi yana tambayar abokinsa a bakin ƙofa, "Wai zuciyar da kullum take ce maka kada ka yi, ba gara ka kashe ta ka huta ba?" Ba da ni ake ba. Amma ga amsata.

Akwai wani mutum, manomin tumatir, gidansa yana kan tudu. Yana da keke na hawan dutse, mai tayoyi masu kauri. Birkinsa na gaba wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya, in aka matse hannun birki sai wani baki ya cije faifan. Kowace ranar kasuwa yakan ɗaura kwando, ya sauka gangaren da ya ƙare a wata siririyar gada.

Ana nan sai keken ya faɗi a laka, bakin birkin ya karkace. Tun daga nan ya riƙa cizon faifan ko ba a matse ba. Mutumin yana tuƙi, keken yana jan sa baya, yana ta ƙara, yara suna dariya.

Da yamma yayansa ya zo, ya juya tayar, ya ce, "Kai ma dai! Wa yake amfani da birkin gaba? Kawo filaya mu yanke wayar, ka huta. Na baya ya ishe ka."

Matar mutumin kuwa tana tsince shinkafa a gefe. Mace ce mai kunya, ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi yayan mijinta ba. Amma ran nan ta tashi ta riga su ɗaukar filayar, ta soke ta cikin zanenta.

Ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ba za a yanke ba."

Ya yi dariya. "A'a! Amarya, yaushe kika zama makanike? Miyarki ma ta gyaru?"

Mijin ya ji kunya, ya ce, "Ke, ba shi mana."

Ta ce, "Maigida, gangaren nan kai za ka sauka, ba shi ba. In ka faɗa rafi, ni za a zo yi wa gaisuwa. Ba zan bayar ba."

Muryarta tana rawa, amma ba ta bayar ba. Yayan ya kaɗe rigarsa ya tafi, yana cewa gobe zai zo da tasa filayar.

Ashe matar nan ta yi shekara biyu tana sayar da awara kusa da rumfar mai gyaran kekuna. Ba ta taɓa tambayarsa komai ba, kallo kawai take yi. Washegari da mijin ya tafi gona tsinko tumatir, ta fito da ɗan ƙarfen kwance noti da ya zo tare da keken. Ta sassauta noti biyun da suka riƙe bakin birkin. Ta ƙwaƙule busasshiyar laka da tsinken tsintsiya. Hannunta biyu ne, aikin yana son uku, sai ta cire ɗankwalinta ta ɗaure hannun birkin tamau, bakin ya zauna daidai a kan faifan. Ta ɗaure notin, ta kwance ɗankwalin, ta juya tayar. Shiru, ba ƙara.

Mutumin ya dawo, ya ɗora kaya, ya sauka gangaren da gudu. Yana shan kwana sai ga shanu sun cika gadar. Ya matse birkin baya, tayar ta ja ƙasa, nauyin kwando yana tura shi. Ya matse na gaba. Keken ya tsaya, har mutumin yana jin numfashin saniya a hannunsa.

Da ya dawo gida ya ce, "Kin ga ikon Allah? Birkin ya gyaru da kansa." Ta ce, "Mun gode Allah," ta miƙa masa ruwa.

To, ga ma'anar misalin nan. Birkin shi ne lamirin da Allah ya sa a zuciyarka. Gangaren shi ne ranar gwaji, ba ka san abin da yake bayan kwana ba. Gaskiya ne lamiri yakan karkace, ya riƙa kama ka a kan abin da ba laifi ba, har ka gaji da bin Ubangiji. A lokacin ne masu filaya suke zuwa, da dariya da daɗin baki. Kada ka ba su! Ko sun girme ka, ko sun fi ka karatu, ko muryarka tana rawa, ka ce a'a. Abin da ya karkace gyara shi ake yi. Ka kawo shi gaban Maganar Allah, a cire lakar, a zaunar da shi daidai.

Da na karanta wa matan zumunta wannan, Mama Rifkatu ta dube ni ta ce, "Ke Asabe, anya ba mu san matar nan ba?" Na sunkuyar da kai, na gyara ɗaurin ɗankwalina. Mijin matar nan yana raye, yana cin tuwonsa. Wannan ya ishe ta, kuma ba wanda zai ji sunanta daga bakina.