Sarkin da Ya Ɗaure Gero

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso mu ji ta, Kaka.

To, ku matso. Wani sarki ne, Dambo, ga tumbi ga tsoro. Ran nan ya je gindin tsamiya, ya ce da aljanar wurin, "Uwar gida, me zai kashe ni?"

Aljana ta ce, "Gero."

Sarki ya ce, "Gero? Ɗan mitsitsin nan? Mu zuba!"

Sakarai! Sai ya sa aka kwashe geron garin kaf. Na gona, na ɗaka, har na bakin kaza. Gari ba fura, ba kunu, yara sai kuka. Ya ce a gina rumbu ƙato, a kulle maƙiyinsa a ciki.

Magini Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, kan duwatsu ake ɗora rumbu, saboda gara."

Sarki ya ce, "Ɗaurarre zan yi wa gado? A ƙasa zai kwana!"

Tsohuwa Tabawa ta zo ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, jikokina kwana uku ba ci. Ka raba mana shi, mu cinye maka maƙiyin naka."

Sarki ya ce, "A fitar min da ita!"

Gara da kanta ta leƙo ta ce, "Sarki, muna ci ta ƙasa fa. Ka daina tsayawa nan."

Sarki ya ce, "Ke da zakara ke karin kumallo da ke?"

Kun ji wauta! Ni haushi ma yake ba ni. Kullum da safe sai ya zo ya doki rumbu da sanda. "Gero, ga ni! Fito ka kashe ni!"

Ya doka yau. Ya doka gobe. Ya doka jibi, sai rugum! Gero ya binne shi har wuya.

Yana nishi yana cewa, "Aljana, kin ci ni!"

Aljana ta ce, "Ni? Kalma ɗaya na faɗa. Wa ya tara? Wa ya hana duwatsu? Sandar wa ce wannan?"

Sarki ya buɗe baki zai amsa, gero ya cika shi. Tabawa ta zo da ƙwarya ta ɗebi nata. Ranar gari ya sha fura.

Ƙurunƙus, kan ɓera na bar muku. Abin da aka rubuta zai zo, amma kada ka yi masa gini da hannunka, sannan ka ce ƙaddara ce.