Albarkar Kasuwa da Bakin Garma

Akwai wata gwauruwa wadda ta yi asarar bakin garma ɗaya, ta ci ribar kalma ɗaya.

Daddawa take sayarwa, ba a kuwa taɓa cinta a ciniki ba. Kowa ya taya, sai ta kau da kai ta ce, "Albarka." Kun dai san albarkar kasuwa: ban sayar ba ke nan, ka ƙara ko ka wuce.

Abin da mijinta ya bar mata bakin garma ne, ƙotar ma gara ta cinye. Maƙeri ya taya har sau uku, ya haɗa da sabuwar fartanya. Albarka. Ƙarfen yana nan jingine bayan rumbu, tsatsa tana cinsa.

Wata Asabar yara uku suka yi sallama. Majami'ar ƙauyen ba ta da ƙararrawa, suna so su haɗa kuge na kiran 'yan'uwansu makarantar Lahadi. Sun gwada gwangwani, sun gwada murfin tukunya, muryar ba ta wuce dangar gida ba.

Babbarsu, Tabita, 'yar shekara bakwai, ta durƙusa ta ce, "Kaka, ƙarfen nan muke so. Ga ƙwan zabo biyu."

Gwauruwar ta ce, "Ku ji mini manyan fatake! Ƙwan zabo? Albarka."

To, yaran ba su taɓa ciniki ba. Albarkar da suka sani ita ce wadda fasto yake sawa a ƙarshen sujada. Sai suka haɗa baki, "Amin!" Suka ajiye ƙwai, suka sungumi ƙarfe, suka zuba da gudu. Ga kalwa a kan wuta, ga gwiwa tana ciwo. Ta yi ta kira, ina!

Suka goge tsatsar da yashi da toka. A cikin ƙananan biyu, Iliya ya rungume ƙarfen, Godiya ta buga da ƙusa, ƙarfen ya ce ƙwas, ya yi shiru. Suka yi ta bugu, a banza. Da hannun Iliya ya gaji, suka ɗaura igiyar rama suka rataye shi a reshen ɗorawa. Bugu ɗaya, aka ji shi har rafi.

Kashegari da safe gwauruwar ta dogara sanda ta bi muryar, ta zo karɓar kayanta. Ta tarar da yara sun cika gindin ɗorawa, iyaye na tsaye.

Ta ce, "Wa ya ba ku?"

Tabita ta ce, "Ke mana, Kaka. Har albarka kika sa mana."

Gwauruwar ta buɗe baki za ta ce ba irin wannan albarkar ba ce. Ta dubi ƙofar majami'a, ta dubi yaran. Sai ta fasa.

Ma'anar wannan misali ita ce: gwauruwar mu ne. Ubangiji yakan aiko ƙanana su taya abin da muka jingine bayan rumbu, ko lokacinmu, ko muryarmu, ko gafarar da muka hana wani shekara goma. Bakinmu ya ce albarka, hannunmu a dunƙule. Allah kuwa ba ya jin yaren kasuwa, yadda ka faɗa haka yake ɗauka. Ƙarfen da aka rungume ba ya kiran kowa, sai an sake shi. Kai da ka ce wa ɗan'uwanka "Allah ya yi albarka" don ya tashi ya ba ka wuri, ka shirya, wata rana zai ce amin.

Kada ku ce kyauta gwauruwar ta bayar, ba halinta ba ne. Ta zauna a kan saiwar ɗorawa, aka ja ciniki har fasto ya fito yana jira. A ƙarshe ta ce, "Ƙwan nan ku mayar wa zabuwa. Kowace Lahadi Iliya ya ɗauko mini kujerata, ke Tabita ki riƙe mini hannu. Bugun farko kuma ni zan yi. A haka na sallama."