Jirgi Mai Ladabi

An yi wani hakimi da ba a gaishe shi sai an kwanta rub da ciki. Ran nan Cindo mai fito ya ɗauko shi a jirgi, kogi ya cika ya batse. Suna tsakiyar ruwa hakimi ya ce, "Kai, ba ka gaishe ni ba! Yi rub da ciki yanzu, ko ka kwana a gidan yari."

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama. Sai dai jirgin nan ladabi gare shi. In ya ga na yi rub da ciki, shi ma yi zai yi."

Hakimi ya leƙa ruwa, ya damƙe bakin jirgi, ya ce, "Tuƙa, Cindo. Na yafe muku gaisuwar, ku biyun."