Kumburin da Aka Ɗauka Ƙiba Ce

Akwai wani ɗan adaidaita sahu a Gyaɗi-Gyaɗi mai suna Lawan. Yayansa Ɗahiru ya yi watanni a hannun masu garkuwa da mutane. Sunan dajin da aka tsare shi ya kwanta mini, amma na tuna yadda aka kawo shi: daga fata sai ƙashi, wandonsa ɗaure da igiya.

Maƙwabta suka yi ta zuwa barka, kowa da kwanonsa. Tuwo, shinkafa, kunun gyaɗa mai sukari, lemon kwalba. Ba a mayar da kwanon barka yadda ya zo, don haka Lawan ya zauna yana ba shi a baki.

Rifkatu, ma'aikaciyar jinya da ke haya a gidan, ta leƙo.

"Lawan, dakata. Jikin da ya daɗe da yunwa ba a cika shi lokaci guda. A kai shi asibiti a auna jininsa, a fara da kaɗan-kaɗan."

"Haba Sista! Can sun hana shi, nan ma mu hana shi?"

Ɗahiru kuwa, abin da aka miƙa masa yake haɗiyewa.

Bayan 'yan kwanaki ƙafafunsa suka cika, fuskarsa ma haka. Mahaifiyarsu, Inna Talatu, ta yi hamdala. "Kun gani? Ya fara murmurewa."

Rifkatu ta danna ƙafar da yatsa. Wurin ya lotsa, bai dawo ba.

"Inna, wannan ruwa ne. Ɗahiru, wace ce ni?"

Ya dube ta yana haki, hannunsa na rawa. Bai gane ta ba.

Lawan ya ɗauke shi a adaidaitarsa zuwa asibiti. Likita ya ce abincin da ya shigo kwatsam ya janye sinadaran jini da zuciya ke aiki da su. Aka rage abincin, aka fara mayar masa da sinadaran ta jijiya, da bitamin. Zuciyar ba ta jira ba, Ɗahiru ya cika.

Lawan bai yi kuka ba. Ya tsaya riƙe da takalman yayansa.

"Likita, abinci fa kawai na ba shi."

"Na sani, Malam Lawan."

Jim kaɗan Lawan ya sake faɗar haka, a hankali, ba da kowa yake ba.

Darasi: Wanda ya daɗe da yunwa, likita za a fara kai wa kafin a cika masa ciki. Kumburi, haki, rawar jiki ko ruɗewa bayan ya fara ci, alamun haɗari ne, a garzaya asibiti. Ku tura wa 'yan uwa, jama'a, ko Allah zai sa wani gida ya tsira.